Tayar Da Tsohuwar Boswaja: Sai An Ɗaga Bodi Ake Ganin Abin Da Tsatsa Ta Bari

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Mile 2 ya nufi Okokomaiko a kan hanyar Badagry ya ji yaron mota yana kiran wata tasha wai ita Volks, da an wuce barikin soja na Ojo kaɗan. Yawancin samarin da ke sauka a wurin ba su san asalin sunan ba. A nan ne kamfanin Volkswagen na Nijeriya ya fara haɗa motoci cikin 1975, watau shekarar da kamfanin Peugeot shi ma ya fara nasa a Kakuri ta Kaduna. Motar da aka fi sanin Ojo da ita ita ce Beetle, wadda Hausawa ke kira Boswaja, Yarabawa kuwa suka laƙaba mata Ijapa, watau kunkuru, saboda doron bayanta. Fitowarta ta zo daidai da kuɗin Udoji da rancen mota na ma'aikatan gwamnati, don haka malamin makaranta da akawu da malamin asibiti da yawa da ita suka fara koyon riƙe sitiyari.

A duniya kuwa an ƙera ta fiye da miliyan 21 kafin a saki ta ƙarshe a garin Puebla na ƙasar Meziko ran 30 ga Yuli, 2003. A nan gida tun kafin wannan lokaci aikin Ojo ya ja baya, bayan faɗuwar darajar Naira daga 1986 da kwararowar motocin da aka yi amfani da su a Turai. Waɗanda suka rage yanzu suna nan kwance a gindin mangwaro ko bayan gareji, a Agege da Mushin da Sabon Badun da Shagamu, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya.

'Yan'uwa mazauna Kudu sun fi kowa sanin inda irin waɗannan motoci ke ƙarewa, domin sana'ar gwangwan a Ikko da kewaye yawancinta a hannun mutanen Arewa take. A sare mota da gatari da wutar walda, a ɗora a ma'auni, a loda a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na Ikorodu da Ogijo, ta fito a matsayin rodin gini. Ba laifi ba ne, neman halak ne. Amma ma'auni bai san bambancin Boswajar da ta mutu da wadda ke da sauran rai ba, ita kuwa Boswaja duka-duka nauyinta bai kai tan guda ba. Akwai mutane, a Ikko da Abuja da Kaduna, masu neman irinta su tayar, kuma abin da za su biya ya fi abin da ma'auni zai bayar nesa ba kusa ba. Saboda haka ya kamata mai saye da mai sayarwa duka su san mene ne tayar da mota daga tushe, da abin da ya raba shi da wanke ta a fesa mata fenti.

Boswaja ta bambanta da Fijo 504 a gini. Ita Fijo bodinta da ƙashinta a haɗe suke da walda, abu ɗaya ne, ba a raba su. Boswaja kuwa gida biyu ce. A ƙasa akwai shasi, watau wani doron ƙarfe mai rami a ciki wanda ya taso daga gaba har baya kamar ƙashin bayan dabba, da farantan ƙarfe biyu dama da hagu inda kujeru ke zama. Ƙafafun gaba a kansa suke ɗaure, giyabos da inji suna rataye a bayansa. Bodi kuwa ɗora shi aka yi a sama aka ɗaure da notina, da roba a tsakani don hana ruwa. In an kwance notinan nan, na gefe biyu da na ƙarƙashin kujerar baya da na ƙarƙashin tankin mai da na cikin madigadin baya, majiya ƙarfi huɗu zuwa shida sun isa su ɗaga bodin su ajiye shi gefe. Shasin da ya rage ana iya tura shi a kan tayoyinsa kamar amalanke. Wannan shi ya sa masu sha'awar tsofaffin motoci a ko'ina suke farawa da ita.

Abokiyar gabar aikin ita ce tsatsa. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska sai ya fara komawa jar ƙasa, gishiri kuwa yana ƙara wa abin gudu. Ikko ta haɗa dukkan ukun: ruwan sama da ya kai kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu a shekara, da raɓa da laima ko da rani, da iskar teku mai ɗauke da gishiri, ga kuma ambaliya a tituna da damina. Tsatsa ba daga waje take fara cin mota ba. Daga inda ruwa ke kwanciya take farawa, cikin lunguna da tsakanin ƙarafa biyu da aka haɗa, ta yi ta ci daga ciki, sai ta gama sa'an nan fenti ya kumbura kamar borin jini. Ƙurjin da ido ya gani a ƙasan ƙofa, in aka tona, sau da yawa ramin da ke bayansa ya kai tafin hannu.

A jikin Boswaja akwai wuraren da gwani ke fara dubawa kafin ya tambayi kuɗi. Na farko ƙarƙashin kujerar baya ta dama, inda batir ke zama. Ruwan batir yana ɗiga shekara da shekaru ya cinye farantin, har akan sami motar da batirinta ke zaune a kan katako ko allon talla da wani ya shimfiɗa. Na biyu ramin safaya a gaba. Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne dokin ƙofa, watau dogon ƙarfen nan mai rami da ke ƙarƙashin ƙofa ta kowane gefe. Jamusawa sun yi shi ne don iska mai ɗumi ta bi ta ciki daga inji zuwa ƙafar direba lokacin sanyinsu. A ƙasa mai zafi ba wanda ya damu da ɗumi, amma shi ne ke riƙe da bodin gaba ɗaya, kuma a jikinsa notinan shasi ke kamawa. In ya ruɓe sai ƙofa ta fara saki, sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Na huɗu kan shasin a gaba, inda ƙarfen ƙafafu yake ɗaure. In nan ya ruɓe ko ya tanƙware saboda tsohon haɗari, to aikin ya zama babba, kuma wanda ba shi da haƙuri da aljihu gara ya nemi wata.

Kayan binciken ba su da tsada: sukurdireba, da tocila, da mayen ƙarfe irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika. A soka sukurdireba a wuraren nan da ƙarfi, in ta shige an san amsa. A bi jikin motar da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne, fila ce aka cusa.

A nan ne mutumin Arewa yake da wata dama wadda makwabcinsa na Kudu ba shi da ita. Motar da ta yi shekara talatin a ajiye a Katsina ko Gusau ko Nguru, in dai ba a kan hanyar ruwa aka bar ta ba, sau da yawa ƙarfenta na nan garau. Rana ta ƙone fentin, robobi sun farfashe, kujeru sun zama gari, ƙurar hunturu ta cika ko'ina, ɓeraye sun cinye wayoyi, amma duk waɗannan saye ake yi a sa. Ƙarfe shi ne ba ya sayuwa da sauƙi. Wanda ya je gida Salla ya ga irinta a garejin wani tsohon ma'aikacin En'e, kuɗin ɗora ta a babbar mota zuwa Ikko bai kai abin da mai walda zai ci a kan wadda ta kwana a Ajegunle ba.

Sai dai akwai magana kafin a ɗora. Yawancin motocin nan masu su sun riga mu gidan gaskiya, watau sun zama kayan gado. Ɗa guda ba shi da ikon sayarwa ko ɗaukewa sai da yardar sauran magada, kuma an sha ganin motar da ba wanda ya kula da ita tana ruɓewa, ranar da ta fito tana ƙyalli kowa ya tuna yana da rabo a ciki. A yi ciniki a gaban shaidu, a rubuta, a karɓi tsofaffin takardu in suna nan. A kuma duba lambar shasi, wadda aka buga a kan doron ƙarfen a ƙarƙashin kujerar baya, a gwada da ta takarda. Lambar inji tana jikin tukunyarsa a gindin dinamo. Wani abin lura kuma, wadda sitiyarinta ke dama yawanci ta shigo ne kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka ta girmi na Ojo, kuma wasu kayanta sun bambanta.

Kwancewa ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma inda aka fi yin asara. Yaran gareji suna iya tsiraita mota cikin yini biyu, su zuba komai a kwali ɗaya. Bayan wata takwas ba wanda ya tuna wane noti ne na ina, rabin ƙananan kayan kuma sun bi gari. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a taɓa shi, a sa notinan kowane wuri a ledarsu a rubuta suna, a kulle a akwati. Kada a jefar da komai, ko da ya lalace, sai sabonsa ya zo an gwada. Notinan da suka ci tsatsa a jiƙa su da mai kwana biyu ko uku kafin a sa musu sifana, domin wanda ya karye a cikin dokin ƙofa aikin yini ne.

Wajen gyaran dokin ƙofa akwai ƙa'idar da garaje ke sa a tsallake. Kafin a yanke tsohon, tilas ne a gicciya ƙarfe a bakin kowace ƙofa a ɗiga masa walda, a kuma gicciya wani daga gefe zuwa gefe, domin da zarar an yanke, bodin zai buɗe ko ya tsuke, kuma ba zai koma daidai ba. Gwanaye suna yin wannan aiki gefe ɗaya bayan ɗaya, suna ɗora bodin a kan shasi suna gwada ramukan notina, suna rataya ƙofa suna rufewa, kafin su yi waldar ƙarshe. Wanda ya yanke duka biyun rana ɗaya zai ƙare da motar da ƙofarta ba ta taɓa rufuwa sai da duka.

Shasi kuwa, bayan an cire masa giyabos da ƙafafu, sai a kankare shi har farin ƙarfe ya bayyana. Masu hali suna kai shi a fesa masa yashi da iska mai ƙarfi. Mai yin wannan aiki ya rufe hanci da abin kirki, don ƙurar yashi tana taruwa a huhu ta haifar da ciwon da ba ya warkewa. Farantan ƙasa da ɗigon walda aka manna su a jikin doron, saboda haka sai a huda ɗigon ɗaya bayan ɗaya a ɓamɓare tsohon faranti, a share bakin, a ɗora sabo. Har yanzu ana buga sababbin farantan a ƙasashen waje, masu kauri da marasa kauri, kuma mai kaurin shi ne abin saye. Inda ba a samu ba, mai bugun bodi na ƙwarai yana iya yanka falle ya buga masa gurare irin na asali, domin guraren nan su ne ke hana shi lanƙwasa in an taka. A auna shasin daga kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama su zo ɗaya. Sa'an nan a wanke shi da ruwan kashe tsatsa, a shafa fentin fari na ƙarfe, a bi duk bakin walda da abin toshe kafa, a yi baƙin fenti, a zuba mai ko kakin hana tsatsa a cikin duk wani rami da buroshi ba ya kaiwa.

Maganar walda tana bukatar a tsaya a kanta. Yawancin garejinmu da wutar kabaid suke aiki, ita kuwa tana zafafa wuri mai faɗi. Ƙarfen bodi kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, da ya sha zafi sai ya kumbura ya lotsa kamar faifan da ya jiƙa. Daga nan sai a rufe aibin da fila. Ita fila an yi ta ne don cike 'yan ƙananan lotsawa, siririya kamar shafin kuli-kuli a jikin tsire, amma akan sami motar da aka lafta mata mai kaurin yatsa, wani lokaci a kan tsatsa, har da raga ko takardar siminti a bayanta. Irin wannan mota ranar da ta fito daga wurin fenti ba ta da makusa. Damina ɗaya ko biyu sai ta fara tsagewa, mai ita ya koma gidan jiya, kuɗi sun tafi. Gwanin gaske yanke ruɓaɓɓen wuri yake yi har ya kai lafiyayyen ƙarfe, ya yanko faci daidai ramin, ya riƙa ɗiga walda nan da can yana barin ta tana hucewa. Aikinsa ba ya sauri, kuma ya fi tsada. Mai mota ya je da kansa ya ga ƙarfen tsirara kafin a shafa komai, kada a ba shi labari. Tankin mai kuma kada a kusance shi da wuta don an ce ya shekara ashirin babu mai, tururin da ke ciki ya isa ya tashi da mutum.

Birki ba a gyara shi, sabunta shi ake yi ɗungum. Bututun da ke kai man birki baya yana bi ne ta cikin mota a gefen doron, kusa da ƙafar direba, a ƙarƙashin shimfiɗa, inda ruwan takalmi ke taruwa. Yakan ruɓe ba a gani ba, kuma a tsofaffin ƙira layin birki ɗaya ne tak, in ya fashe ƙafa huɗun duka sun tafi lokaci guda. Haka bututun fetur da ke cikin doron, da wayar kuloci da ta totur, da 'yar robar da ke riƙe sandar giya. Duk waɗannan yanzu ne lokacinsu, tun bodi yana gefe.

Inji shi ne abin da mutane suka fi tsoro, alhali shi ne mai sauƙin. Notina huɗu ke riƙe da shi a jikin giyabos. Fistin huɗu ne a kwance, biyu suna fuskantar biyu, babu lagireto babu ruwa, iska ce ke sanyaya shi da wata fanka da fanbel ke juyawa. Kafin a buɗe shi a kama fulin baya a ja a tura, in yana motsi har ana jin ƙara, tukunyar ta ci, sai an kai ta wurin masu injin gyara. Abin da ya kashe Boswaja da yawa a ƙasar nan shi ne gwangwanayen da suka lulluɓe injin. Wasu kanikawa suna ganin ado ne ko wahala, sai su cire su jefar wai don inji ya sha iska, alhali su ne ke tilasta iskar fanka ta bi ta kan silinda. Da su da robar da ta zagaye ɗakin injin, wadda ke hana zafin salansa dawowa ciki, in babu su inji zai yi ta dahuwa har bawul ya tsinke, yawanci na silinda ta uku. Wanda ya ga gwangwanayen nan a wurin 'yan gwangwan ya saye su ko da bai bukace su yau ba.

Baƙin man da yake ci lita biyu da rabi ne kawai, kuma ba shi da matatar mai sai 'yar rariya a ƙasa, don haka ake juye shi duk bayan kilomita 5,000. Ana saita bawul inji yana sanyi, a bar tazarar milimita 0.15. Robar fetur da ke ɗakin inji a sa sabuwa a ɗaure bakinta da ƙarfe, domin ita ce sanadin yawancin gobarar Boswaja, kuma tukunyar injin da wani ƙarfe mara nauyi aka yi ta wanda in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi.

Kayan gyara sai an yi yawo. A Ladipo ta Mushin da Agodi Gate ta Badun da Nkpor kusa da Anacha, matasan 'yan kasuwa ba su san ta ba, sai an tambayi dattawan layi. Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano sukan ɓoye abin mamaki. Kayan inji da birki da robobi ba su yanke ba a duniya, tunda Barazil ta ci gaba da ƙera motar har 1996, Meziko kuma har 2003, sai dai da dala ake sayensu. Masu wuyar samu su ne ƙananan abubuwa: marikin ƙofa, gilashin fitilar baya, agogon gudu, tambarin gaba. Shi ya sa masu wayo suke sayen mota biyu, ɗaya ta ciyar da ɗaya. A lura kuma, ƙirar Jamus da ta Barazil sun yi kama amma ba kowane abu nasu ke shiga na juna ba, gara a tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Ba kowace tsohuwar mota ce ake tayarwa ba. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976 an ajiye ta a gidan tarihi na Onikan da ramukan harsashinta, kuma wanda ya toshe su ya ɓata ta. Haka nan Boswajar da fentinta na asali bai mutu ba, kujerunta ba su yage ba, masana sun fi son a wanke ta a gyara birki da inji a bar ta da tsufanta. Tayarwa daga tushe ta wadda tsatsa ta riga ta kama ce.

Game da kuɗi, kada mai karatu ya ruɗi kansa. Wanda ya yi aikin yadda ya kamata, da wuya ya mayar da abin da ya kashe in ya sayar, kuma aikin ya fi kusa da shekara bisa ga wata uku, musamman ga mai yi da albashi ko ribar kasuwa. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne ba da kuɗi gaba ɗaya tun farko, da barin mota tsirara a fili damina ta same ta. A yi yarjejeniya mataki-mataki: shasi, a duba a biya, bodi, a duba a biya, sa'an nan fenti. Kada a fara sayen rediyo da kujerun alfarma ƙasa ba ta gama ba.

In an zo haɗawa, sai a shimfiɗa sabuwar roba a bakin shasi, a sauke bodi a hankali, a sa dukkan notina sako-sako, a rataya ƙofofi a ga sun rufu da yatsa ɗaya, kana a ɗaure. Wayoyin wuta a sa sababbi gaba ɗaya, don na shekara arba'in rigarsu ta bushe. Ranar tayar da inji a cire fulogi tukuna a juya shi har fitilar mai ta mutu, sa'an nan a mayar a kunna, da abin kashe gobara a kusa. Tafiyar farko ta zagayen unguwa ce da sassafe, ba gadar Third Mainland ba. Bayan 'yan kilomita ɗari a juye mai, a sake saita bawul, a bi notinan ƙafafu da na bodi. Wurin ajiya ya zama mai rufi da daɓen siminti, kada a lulluɓe ta da leda don tana tara gumi, kuma duk ranar da ta ratsa ambaliya a ɗaga shimfiɗar ƙasa a shanya, a leƙa gindin batir da tocila.